Tsohuwar katifa ba shara bace, dan Allah mu daina jefa ta a kwata

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan bani fili in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana damuna. Nasan wasu zasu ce ana fama da tsadar masara da shinkafa wa yake ta tsohuwar katifa, toh amma ni sana'ata ce ta sa nake ganin abin kullum, ni mai gyaran kujeru ne da sirdin moto, wato babur, a nan Garwa, kuma mahaifina Allah ya jiƙansa ɗinkin katifa yayi har ƙarfinsa ya ƙare, don haka in nayi shiru akan wannan bansan wanda zai faɗa ba.

Abinda ya tunzura ni na ɗauki biro shine abinda ya faru a lungunmu daminar da ta wuce. Cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, ba wani ruwa bane da ya wuce misali, irin wanda muka saba ne, amma kafin asuba ruwa ya shiga gida huɗu har da nawa, buhun gero na maƙwabcina ya jiƙe, littattafan makaranta na yara suka lalace, wata tsohuwa da bata iya tashi da kanta sai ɗaukarta akayi aka ɗora kan tebur. Da gari ya waye samarin unguwa suka shiga ƙarƙashin ɗan gadar da ruwan yake bi ya wuce zuwa mayo, wato rafi, me zasu gani, katifa ce turwa plas, wato ta mutum uku, guda ta naɗe ta toshe bakin ramin gaba ɗaya, leda da robobi da yashi suka taru a bayanta suka zama kamar bango. Ƙarti huɗu suka kasa ɗagata saboda ruwan da ta sha, sai da aka kawo adda aka yayyanka ta gunduwa gunduwa sannan aka fito da ita. Har yau bamu san wanda ya jefa ba kuma ni ba nemansa nake ba, don nasan ba da mugunta yayi ba, katifa ce ta lotsa ya sayi sabuwa ya rasa inda zai kai tsohuwar, ya bari dare yayi ya wurga ta. Abinda ya fi ƙona min rai da na tsaya ina kallon gunduwoyin nan shine sosan mai kyau ne, mai nauyi, irin wanda in da a bushe ya zo hannuna zan fitar da sirdin moto kusan goma a gefe gefensa kawai.

Malam Edita, lokacin da muke yara ba'a san wani abu wai shi yar da katifa ba. Katifar auduga ce ko ta audugar rimi, talaka kuma ta ciyawa. In ta kwanta ta yi tauri sai a kawo wa Baba, yawanci gab da sallah ko in za'a yi biki a gida. Ya farke ɗinkin, mu yara mu baje audugar a tabarma a rana, mu yi ta dukanta da sanda ƙura tana tashi har ta koma ta yi laushi, a shiɓe ta, a ƙara sabuwa kaɗan in mai ita yana da hali, a sa sabon yadi, Baba ya zauna da basilla da zare mai kauri yana bi yana ɗaure ta layi layi don kar audugar ta gudu gefe ɗaya. Katifa ɗaya sai ta yi wa mace aure, ta yi goyon 'ya'yanta duka a kai, ta kuma bar wa 'yarta. Yadin da aka cire ma baya zuwa juji, tsumma ne na goge goge ko a yi gammo. In auduga ta mutu murus aka zubar, damina ɗaya ƙasa ta cinye ta. Kuma abin da yake bani mamaki mu nan ƙasar auduga ce, hedkwatar SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, a garin nan take tun da aka kafa ta a 1974, duk kaka muna ganin manyan kamiyo cike da farar auduga suna shigowa daga ƙauyuka, amma yanzu ka zaga kasuwa da ƙyar zaka samu mutum biyu da suka iya ɗinka katifar auduga yadda ya kamata.

Ba ina cewa mu koma baya bane, ni kaina akan soso nake kwana kuma da soso nake cin abinci. Amma ya kamata mutane su san menene shi wannan soson. Sunansa na asali foliyuretan, wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai mai suna Otto Bayer ne da abokan aikinsa suka gano shi a 1937, kuma daga sinadaran man fetur ake yinsa, ana haɗa ruwa iri biyu su kumbura kamar ƙullin fanke su daskare, sannan a yanka da inji. Ma'ana ɗan uwan leda ne da roba, ba ɗan uwan auduga ba. Ƙasa bata cinsa. In ka barshi a rana zai yi ja ya dinga marmashewa ya zama gari, mutum sai ya ɗauka ya ruɓe ne alhali bai ruɓe ba, ya dai farfashe ne ya shiga ƙasa, ruwa ya kwashe shi ya kai kogin Binuwai inda muke kamun kifi muke noman rani. Awaki da shanu kuma suna tsinta suna haɗiya, duk wanda yake da aboki mahauci ya tambaye shi irin abinda suke cirowa a tumbin dabba yanzu.

Sai maganar ƙonawa, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Da yawa in suka ga katifar ta dame su a tsakar gida sai su ja ta bayan katanga su cinna mata ashana. Wallahi wannan baƙin hayaƙin ba irin hayaƙin itace bane, a cikinsa akwai iskar nan mai kisa ta gawayi wadda take kashe mutane in sun kwana da kasko a ɗaki a rufe, akwai kuma gubar sayanaid, shi yasa a gobarar ɗaki sau da yawa hayaƙin katifa ne yake kayar da mutum kafin wutar ma ta iso gareshi. Kuma soso in ya kama yana narkewa ne yana ɗiga yana ci kamar an zuba kananzir. Amma duk da haka zaka ga iyayenmu mata da masu shayi da masu gasa masara suna yagar ɗan soso suna hura gawayi dashi, yaro na goye a baya, fuskarta a kan murhu tana fifita. Ranar da na ga 'yata tana haka da guntayen da na kawo gida, ban yi mata faɗa ba don a wajen manya ta gani, zaunar da ita nayi na mata bayani, daga ranar kuma na daina barin ko ƙyalle a gida.

Toh me ake yi da tsohuwar katifa in ba'a yar ba kuma ba'a ƙona ba? Bari in faɗi abinda nake yi da hannuna ba labari ba. Katifa a tsakiya take mutuwa, inda nauyin mutum yake sauka, amma kai da ƙafa da gefe biyu yawanci suna nan da ƙarfinsu. In ta zo min sai in farke rigar in cire, in duba soson in yanke inda ya ɓaci, wuraren masu ƙarfi in fitar dasu da wuƙa mai kaifi, dasu nake gyara sirdin 'yan kilando, wato masu haya da moto, wanda kowa ya san yadda suke cin sirdi a garin nan, mutum yana kan moto tun asuba har dare ga fasinja ga kaya. Dasu ake cika hannun kujera da bayanta, da kujerun motocin haya masu zuwa Marwa da Ngaundare, da benci na masu aski. Tsakiyar da ta yi laushi kuma ba asara bace, ita ake yayyankawa ƙanana a cusa a filo da tumtum da matashin kujera, katifa babba ɗaya tana bani filo shida ko bakwai bayan na cire na sirdi. Rigar in an wanke makanikai suna so don goge hannu da inji. In mai sifirin ce, wato mai ƙarfe a ciki irin ta otal, 'yan gwangwan suna saye a kilo, ƙarfe ne mai kyau da ake narkawa. Abinda yake saura wanda ba yadda zanyi dashi baya cika buhu ɗaya. Ka duba fa, abinda zai cika amalanke ya koma buhu ɗaya.

Akwai ma matakin da ya wuce namu, wanda nake fatan wani mai hali a arewacin Kamaru zai sa kuɗinsa a ciki. Inji ne yake niƙa guntayen soso, a zuba musu gam a cakuɗa, a matse a cikin akwatin ƙarfe a tura tururi, ya fito dunƙule guda mai tauri, a yanka shi falle falle. Duk wanda ya taɓa farke sirdin moto ko kujerar ofis ya ga wani soso mai kala kala kamar an yayyafa masa shuɗi da ja da rawaya, toh shine wannan. Yafi sabon soso jure nauyi, dashi ake shimfiɗa ƙarƙashin kafet da tabarmar 'yan wasan motsa jiki. Mu nan sayensa muke daga nesa da tsada, alhali kayan haɗinsa suna kwance a kwatocinmu.

Turawa da suka fi mu yawan katifu sun daɗe da gane cewa binne ta asara ce, don ita katifa bata matsuwa, injin juji ya taka ta ya wuce ta sake kumburowa, ƙarafunanta kuma su naɗe a ƙafar injin. A Amurka an ƙiyasta sama da katifa 50,000 ake yarwa kullum, shi yasa a 2013 jihohi uku, Kalifoniya da Konetikat da Rod Ailan, suka yi doka cewa duk wanda ya sayi sabuwar katifa zai biya ɗan wani kuɗi a kai, da kuɗin ake tattara tsofaffin a kai inda ake farke su, kuma masu aikin sun ce sama da kashi 75 cikin 100 na katifa ana iya sake amfani dashi. Faransa ma tun 2013 take da irin wannan tsarin akan kayan ɗaki gaba ɗaya, har a 2021 aka buɗe wata masana'anta a garin Semoy da take narkar da tsohon soso da sinadari ya koma ruwan da ake yin sabo dashi. Ni dai a ra'ayina ba sai mun kwaikwayi maganar ƙarin kuɗin nan ba, mutanenmu a matse suke, in ka ƙara ko dala ɗaya akan katifa da sunan shara rigima zaka tayar kuma ba lallai kuɗin ya je inda aka ce ba. Su abinda yake basu wahala shine hannun da zai zauna ya farke katifa ɗaya bayan ɗaya, don lebura yana da tsada a wajensu. Mu kuwa hannun ne muke dashi har ya yi yawa, ga masu kushin ga teloli ga 'yan gwangwan ga samari zaune a karfur, wato mararrabar titi, ba aikin yi. Abinda muka rasa guda ɗaya ne tak, hanyar da katifar zata taso daga ɗakin mai ita ta iso hannunmu a bushe. In ta riga ta kwana a kwata ta sha ruwan ƙazanta shikenan ta mutu, ba mai iya ceto ta.

Kuma in faɗi gaskiya ko da zata taɓa 'yan sana'armu. Akwai masu tsintar katifa a bola, ko shanyawa basa yi, su ɗinka mata sabuwar riga mai fulawa mai sheƙi su sa a leda su kai kasuwar ƙauye su sayar wa uban amarya a matsayin sabuwa. Wannan ha'inci ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gareshi, ya ce wanda ya yi mana algus baya cikinmu. Irinsu ne suka sa mutane suke ƙyamar duk abinda aka ce na tsohon soso ne. Tsoron mutane kuma yana da dalili, akwai kuɗin cizo, akwai fitsarin yara da ya shige ciki shekara da shekaru, akwai wadda mara lafiya ya daɗe a kai. Ni ƙa'idata katifar asibiti bana karɓa ko kyauta ne, wadda ruwan ambaliya ya jiƙa ta fara baƙi tana wari ita ma bana karɓa. Sauran kuma sai na yanka su falle falle marasa kauri, a wanke da omo da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta kaɗan, a matse, a baje a kan kwano ko siminti kwana biyu uku ana juyawa. Kuɗin cizo da ƙwansa basa jure zafi mai tsanani, amma in ka shanya katifa sukutum da kaurinta guduwa suke su shige ciki inda yake da sanyi, shi yasa yankawar take da muhimmanci. Allah kuma ya hore mana rana, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, abinda wasu ƙasashe sai sun kunna inji sun biya wuta kafin su samu. Bayan haka in zan sayar da filo sai in gaya wa mai saye cewa cikinsa tsohon soso ne wankakke, farashinsa kuma ba ɗaya da sabo ba, wanda ya yarda ya ɗauka.

Wani abin da na lura dashi kuma shine kunya. Mace zata ji nauyin a ga tsohuwar katifarta da tabo a jiki an fito da ita da rana tsaka, gara ta bada yaro ya kai bola da daddare. Haka in an yi rasuwa wasu basa son sake ganin shimfiɗar mamacin. Hajiya, Inna, ku yi haƙuri, mu da muke wannan aikin ba wanda yake tambayar ta wacece, kuma ba tabon da bamu gani ba. In kunyar ce ki cire rigar da kanki ki aiko da soson tsirara. Ku tuna a watan Disamba da Janairu lokacin da hunturu yake busawa akwai almajirai da suke kwana akan kwali a zaure, falle ɗaya na wankakken soso da aka sa wa rigar buhu zai raba haƙarƙarin yaro da sanyin siminti.

Roƙona ga meri, wato hukumar magajin gari, ta birni da na arondisma, wato gundumomi, ukun da muke dasu a Garwa, ba wani abu bane mai cin miliyoyi. Rumfa muke so mai rufin kwano da daɓe mai ɗan tudu a kowace arondisma, inda mutum zai kai tsohuwar katifa ko kushin ya ajiye ba tare da an tambaye shi ko sisi ba, mu kuma masu sana'a mu haɗa kanmu mu dinga zuwa muna ɗauka. Motocin HYSACAM, kamfanin kwashe shara, an yi su ne don sharar gida ta yau da kullum, katifa biyu in suka shiga bak ɗaya, wato akwatin zuba shara, sun cinye wajen sharar gida ashirin, don haka cire katifa daga cikin shara su ma sauƙi ne a garesu. A sa rana ɗaya a wata, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu kafin ruwa ya sauka, masu pus-pus, wato amalanke, su zaga unguwa unguwa, a sanar a masallatai da coci da rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci, jauro da lawan, masu unguwanninmu, su sa baki. Mun ga yadda garin nan ya yi fes a farkon 2022 lokacin da aka buga gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, baƙi daga Najeriya da Masar da Sudan suna yawo a titunanmu, kenan in an so ana iyawa.

Sai 'yan kasuwa masu sayar da katifa, Alhazai ku ne kuka fi kowa sanin ranar da tsohuwa zata fita daga gida, don ranar da aka sayi sabuwa ce. Yaron da ya kai sabuwar a moto ko a pus-pus fanko yake dawowa, me zai hana ya dawo da tsohuwar, ku rage wa mai saye ko ɗari biyar ne, mu mu saya a hannunku. Masu otal da makarantun kwana da suke canza katifu da yawa a lokaci guda, da ɗaliban jami'a a Ngaundare da Marwa da nan Garwa da suke barin 'yan katifunsu in sun gama karatu, duk ku neme mu kafin ku nemi bola.

Nasan ba katifa ce ta kawo ambaliyar 2012 ba lokacin da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ba ita ta cinye garin Yagwa a 2024 ba, ba kuma ita ta shigar da kogunan Shari da Logon cikin unguwannin Injamena a 2022 ba, wannan ya fi ƙarfinmu. Amma ruwan da ya shiga ɗakina a watan Agusta katifa ɗaya ce ta jawo shi, na gani da idona. 'Yan uwanmu na Injamena sun taɓa nuna ana iya yaƙi da leda a 2010 lokacin da magajiyar garin ta tsaya tsayin daka akan hana ta, ina so in ji daga masu sana'a irin tawa a can da Kusiri da Marwa yadda suke yi da nasu tsofaffin katifun, ko akwai wata dabara da bamu sani ba.

Ni dai a nawa ɓangaren na yi alkawari duk saurayin da yake son koyon farke katifa da yanka sirdi da cusa filo ya zo zan koya masa kyauta, wuƙa da almakashi da basilla ne kawai jarin, yanzu haka yara biyu nake dasu a shago kuma akwai wajen mutum biyu. Wanda kuma yake da tsohuwar katifa a gida yau, dan Allah ya jingine ta a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda ruwa baya taɓawa, ya aika a kira mai gyaran kujera mafi kusa dashi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kujeru da sirdin moto,
Garwa, Kamaru.